A duba takarda, a bar duba fata

Yau ba a akwatin rediyo za ku ji ni ba. Lokacin shirinmu ya yi wa maganar ga kaɗan, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta, wanda ya ji haushi ya samu inda zai ba ni amsa.

Kwanakin baya na je ɗaukar rahoto wani wurin aikin hanya a yankinmu, inda wani ɗan kwangila ke ɗaukar lebura. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi kaɗai ke yin abin da zan faɗa ba. Tun da asuba samari sun ja layi. Mai rubuta suna na zaune ƙarƙashin bedi da littafinsa. Kowa ya zo, a tambaye shi suna da gari, a rubuta. Mai kati ya gwada, wanda ya ce ya baro shi gida a ce masa wuce. Haka aka yi ta yi har layi ya kawo kan wani saurayi jan fata, mai rawani.

"Kai, ina nasiyonalite ɗinka?"

Yaron ya zaro katinsa na ɗan ƙasa. Mai rubutun ko karɓa bai yi ba. Ya ce kati kowa na iya samu, shi takardar kotu yake so. Yaron ya ce: "Shef, mi na yi? Nan anka haihe ni, nan anka bizne kakana. Waɗanda sunka wuce gabana ko kati ba su gwada ba." Amsar da aka ba shi har yanzu tana kunnena: "Su na san su. Ku ba a gane ku."

Aka tura shi gefe. Wasu Fulani biyu, wa da ƙane, su ma gefe. Ba a jima ba sai ga wani saurayi baƙi, Hausarsa tsaf, aka rubuta shi ba tambaya. Da muka zauna shan ruwa, shi da bakinsa ya gaya mini daga ƙetaren iyaka ya zo, wajen Sabon Birni. Ba na yi masa baƙin ciki, Allah ya sa masa albarka a abin da ya samu. Amma ku dubi lissafin: an kori ƴan ƙasa uku da sunan neman baƙo, baƙon kuma ya wuce ba wanda ya ɗaga kai.

Da na tambayi mai rubutun dalili, sai ya ce mini doka ce. To, tunda doka aka kira, mu buɗe ta.

Gaskiya ne doka ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin sanin wanda ya ɗauka. Kundin dokokin ƙwadago na Nijar, doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ya ce yarjejeniyar aikin baƙo sai an rubuta ta, sai kuma hukumar samar da aiki, wato ANPE, ta sa hannu. A watan Janairu 2025 gwamnati ta ƙara tsaurara dokar shiga da zaman baƙi a ƙasa. Saboda haka ba wanda ya ce kada a tambayi takarda. Ni ma in ina da wurin aiki sai na tambaya.

Sai dai kundin nan da suke fakewa da shi, aya ta 5 a cikinsa ta hana mai ba da aiki ya dubi launin fata, ko jinsi, ko addini, ko asalin mutum, wajen ɗauka, wajen rabon aiki, wajen albashi, wajen kora. Har mai sikila da mai naƙasa ayar ta ambata. Kundin hukunta laifuffuka kuma, aya ta 102, ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga wanda ya nuna wariyar launi ko ta ƙabila mai iya haɗa ƴan ƙasa faɗa. Tun 1962 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta nuna bambanci a wurin aiki. Wato tun muna da shekara biyu da samun ƴanci muka ɗauki alkawarin nan.

Ke nan doka abu biyu ta ce: ka duba, kuma kada ka bambanta. Mai rubutun nan ya ɗauki na farko ya yar da na biyu. Kuma ko na farkon bai yi ba, tunda baƙon gaske ya wuce ta gaban hancinsa. Wanda ya tambayi mutum uku cikin layi, ya bar sauran, ba bincike ya yi ba. Zaɓe ya yi, da ido.

Kuma ido a ƙasar Adar ba ya gane ɗan ƙasa. Iyakar da ta raba mu da Najeriya Faransa da Ingila suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ta ratsa gonaki da dangi. Mutumin Bangi da na Sabon Birni Hausa ɗaya, fuska ɗaya, wani lokacin kaka ɗaya. Ta ina ido zai raba su? Ɗan Allakaye da aka haifa a Abijan, ya dawo gida Hausarsa a karye, Faransanci da Julanci sun fi masa sauƙi, in ubansa ko uwarsa ƴan Nijar ne, shi ma ɗan Nijar ne. Tun gyaran dokar 1999 uwa na ba ɗanta ƙasa kamar yadda uba ke bayarwa. Tun 2014 kuma doka ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Harshe ba takarda ba ne, tsagar fuska ba takarda ba ce, rawani ma haka.

Sannan wa ya ce jan mutum baƙo ne a Adar? Wanda ya faɗi haka bai zauna da tsofaffi ba. Sarautar Sarkin Adar ta Illela daga Agabba ta taso, ɗan gidan sarautar Agadas, yau sama da shekara ɗari uku. Sarautar Keita ta Lisawan ce, Abzinawa. Kel Geres suna Arzarori da Galma, ƙasar Madawa, tun kafin Nasara ya san hanyar nan. Fulani kuwa, wace rijiya ce a kwarurrukanmu ba su sha ba? Shanun wa ke zuba taki a gonakinmu bayan girbi? Lokacin babban aikin Keita da ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, iyayenmu mata ne suka ɗauki duwatsu a ka suka tare ruwa, ana biyansu da abinci. Ku tambayi waɗanda suka yi aikin ko dutsen ya san launin wadda ta ɗauke shi. A ce wa jikan mutanen nan "ba a gane ku" a kan ƙasar da kakanninsa ke kwance, wallahi abin kunya ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu, mutanen Adar, mu ne za mu yi wa wani haka. Mu da rabin samarinmu ke ci-rani kowace shekara da zarar an ɗaure dawa! Wa ya fi mu sanin zafin "kawo takardarka"?

A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Akwai ƴan Nijar da yawa cikin waɗanda aka loda a motoci, wasu ma can aka haife su. A Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, kusan mutum miliyan biyu, kuma namu na ciki. A Kodebuwa, farkon shekarun 1990, aka fito da katin zama na baƙi. Duk wanda ya yi Abijan a lokacin ya san yadda abin yake: ɗan sanda ya tsayar da mota, ba kowa yake tambaya ba, mai doguwar riga da hula yake nema, mai suna irin na arewa. Har ƴan ƙasar na arewa suka shiga ciki, ana yaga musu kati ana cewa ba su yi kama da ƴan ƙasa ba. Kowa ya san inda maganar ta kai Kodebuwa: a 2002 ƙasar ta rabe biyu. Yau kuma ga Aljeriya. Ana bin unguwanni da wuraren gini ana kwasar baƙar fata, a kai su bakin iyaka, wasu a zube su cikin hamada su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka. In an kwaso namu, a nan rediyo muke karɓar kiran iyayensu suna kuka, muna cewa zalunci ne, don fatarsu aka kama su.

To in zalunci ne a Tamanrasat, mene ne sunansa a ƙarƙashin bedin Allakaye? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke faɗawa ramin nan. Ingila, da duk kwamfutocinta, ta faɗa. Daga 2012 gwamnatinsu ta matsa wa masu ba da aiki da masu gidajen haya su riƙa binciken takardu. Sai abin ya faɗa kan baƙar fata ƴan tsibiran Karibiyan da suka shigo ƙasar bisa doka tun suna yara, bayan 1948, suka tsufa a can suna aiki suna biyan haraji. An kori wasu daga aiki, an hana wasu magani, an mayar da wasu ƙasashen da ba su sani ba. Da asiri ya tonu a 2018, sai da ministar cikin gida Amber Rudd ta ajiye aiki. Shawarar da hukumar ƙasar ke ba masu ɗaukar ma'aikata kuwa ba ta wuce wannan ba: ka tambayi kowa, tambaya iri ɗaya, a lokaci ɗaya.

Na san abin da wasunku za su rubuto mini. Za su ce: malam, kana maganar doka, mu muna maganar rai. Ƙasa ba lafiya, ana satar mutane, ana kai hari, dole a yi hattara.

Na yarda dole a yi hattara. Ni ma ina da iyali, ni ma ina bin hanyoyin nan da dare. Amma mu yi wa juna gaskiya. Ranar 21 ga Maris 2021, a ƙauyukan Tiliya, cikin jiharmu ta Tawa, an kashe mutum 137 a yini ɗaya. Akasarinsu Abzinawa ne. Mutanen da muke kallo da wutsiyar ido su ne suka haƙa kaburbura a ranar. Makiyayin da muke zargi, shi ake fara kwashe wa garke a daji. Kuma mai mugun nufi ba zai zo layin lebura da kamannin da za a zarge shi ba. Zai zo da Hausa mai kyau da fuskar da mai rubutu "ya sani". Binciken da ke tsayawa kan fata ƙofa yake buɗe masa. In tsaro ake so da gaske, kowa ya gwada takarda, daga ɗan maigari har ɗan rugga.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa. Saurayin da ya tako tun asuba neman aikin jika biyu ko uku a yini, aka kore shi a gaban tsaransa don launinsa, ina muke so ya nufa? Ya nemi halal mun hana shi. Masu ɗauke da bindiga a daji kuwa ba su tambayar nasiyonalite. Ba ina cewa duk wanda aka wulaƙanta zai ɓaci ba, mafi yawansu haƙuri suke yi su koma gida. Amma mai hankali ba ya tara kara kusa da wuta, sannan ya ce tsaro yake yi.

Wasu kuma za su ce: to ai sai ya je ya yi takardar, mene ne abin wahala? Mai faɗin haka bai taɓa bin layin ba. Kafin a ba ka nasiyonalite sai ka kawo takardar haihuwarka, sau da yawa har da ta uba ko ta uwa. Wanda aka haifa a rugga ko a tungar da ba ta da gidan likita, ba a rubuta shi cikin wa'adi ba, sai ya bi ta wurin alƙali da shaidu kafin ya samu takardar haihuwa. Kuɗin mota zuwa Buza, kuɗin tambur, kuɗin hoto, a ce maka dawo jibi, ka kwana gidan wani. Kafin ya gama, an rufe littafin ɗaukar aiki. Mu faɗi gaskiya, cikin samarin da aka rubuta a ranar, nawa ne ke da nasiyonalite a aljihu? In da an tambayi kowa, da aikin hanyar bai samu lebura ba. Mai rubutun ya san haka. Shi ya sa ya ajiye tambaya mai wuya don waɗanda ba ya so. Ka ɗora wa mutum ɗaya sharaɗin da ka san sauran ba za su iya cikawa ba, wannan kora ce da aka sa wa rigar doka.

Kuma abin ba ya tsayawa kan jan fata. Wani wurin, baƙin ne ake turewa. A ji sunan gidansu ko na ƙauyensu, a ce ai waɗannan bayin su wane ne, ba a ba su riƙon ma'aji, ba a sa su gaban mutane. A jihar nan tamu, ƙasar Ƙonni, aka sayar da Hadijatu Mani tana ƴar shekara 12. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce ƙasar Nijar ta kasa kare ta, ta sa a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Tun 2003 bauta laifi ce a dokarmu, ƙungiyar Timidria kuma tun 1991 take wannan faɗan. Amma har gobe akwai mai ba da aiki da ke tambayar "ɗan wa ne?" kafin ya tambayi "me ya iya?". Aya ta 5 ɗin nan ta ambaci asali da sunansa.

Ga kuma ɗaya fuskar, mai ban dariya da ban haushi. Mun iya tsare talaka mai rawani, amma in baƙo ya sauko daga babbar mota, fari tas, da kwamfuta a hannu, wa ke ce masa ina sa hannun ANPE? Kujera ake jawo masa. Shekara da shekaru ma'aikatan matatar SORAZ ta Damagaram suna kukan bambancin albashi tsakaninsu da baƙi, sai a Maris 2025 gwamnati ta sallami wasu manyan jami'an kamfanonin man fetur na Sin su uku, kuma maganar albashin na cikin dalilan da aka bayar. Ashe cutar ɗaya ce. Idon da ke ganin wani ya rusuna, shi ne ke ganin wani ya ɗaure fuska, kuma duk biyun takarda ba ta shigo ciki ba.

To me ya kamata a yi? Ba abu ne mai tsada ba.

Ku masu ba da aiki, ƴan kwangila, masu lambun albasa da ke ɗaukar ƴan ƙwadago da yawa, masu shaguna, ƙungiyoyin agaji masu aikin gayya na kuɗi: ku rubuta takardun da kuke karɓa, ku manna a bango, a kuma karanta da ƙarfi saboda wanda bai yi boko ba. Abin da aka tambayi na farko a layi, shi za a tambayi na ƙarshe. In katin ɗan ƙasa ya isar wa Bahaushe, ya isar wa Ba'abzine da Bafulatani da Balarabe. In kuna shakkar kati, ba ku ne alƙalai ba, akwai hukumar da ta buga shi, ku kai can, kuma dalilin shakkar ya kasance a jikin katin, kamar hoto ko kwanan wata, ba a jikin mai katin ba. Wanda bai zo da takarda ba a ba shi kwanaki ya kawo, kwanaki iri ɗaya ga kowa. In kun yarda maigari ko hakimi ya shaidi wanda ba shi da kati, to ku yarda da shaidar arɗo da ta shugaban rukunin makiyaya. Baƙo kuma in ya zo, a bi da shi ta hanyar da doka ta tsara, cikin mutunci, yadda muke so a yi wa namu a Abijan. Sannan ku ja kunnen masu rubuta muku suna. Abin da suka yi da sunanku suka yi shi, kuma ku doka za ta tambaya.

Ku hukumomin ƙananan hukumomi da sarakunanmu: ku matsa a riƙa kawo zaman alƙali na tafi-da-gidanka har ruggage da tungaye, ba manyan garuruwa kaɗai ba, a yi wa mutane takardar haihuwa. In za a kawo aiki a ƙasarku, ku sa wakili ya zauna wurin ɗauka.

Ku samari: ku yi takardunku tun ba a nema ba. Mai sabon jariri ya rubuta shi tun kafin a gama cin naman suna. Wanda aka yi wa irin wannan kuma, kada ya haɗiye, kada kuma ya ɗauki sanda. Ya riƙe rana da wuri da shaidu biyu, ya kai ƙara wurin sufeton ƙwadago. Don haka aka ajiye shi.

Saura mu da muke cikin layi. Abin da ya fi ci mini rai a ranar ba maganar mai rubutu ba ce. Shirun sauran ne. Samari da yawa, wasu tare suka yi makarantar allo da yaron, tare suke cin kasuwa, ba wanda ya ce uffan. Kowa ya sunkuyar da kai don kada a goge sunansa. Na gane, yunwa ba ta da kunya. Ni ma da ke riƙe da rakoda, sai da na tsaya ina auna ko in yi magana ko in bari. Tsoho ɗaya ne, mai sayar da goro a gefen, ya ɗaga murya ya ce: "Kai yaro, ji tsoron Allah. Wanga ɗiyan garin ga ne, ni na san ubanshi." Ba a saurare shi ba, amma ya fita haƙƙi. Da mutum goma suka faɗi abin da ya faɗa, da littafin nan ya buɗe.

Mu tuna, cikin waɗanda suka yi shiru, da yawa bayan girbi za su hau mota. Wani zai tsaya gaban ɗan sanda a wata ƙasa da katinsa a hannu, a ƙi karɓa, a ce masa ba a gane irinsu. Ranar zai so a samu mai goro ɗaya da zai yi magana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na ji labarin yaron ya tafi Buza neman takardar da aka ce ya kawo. Ko ya samo ta, an riga an cika littafi. Wanda ke ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya kira mu a shiri na gaba ya faɗi hujjarsa, zan ba shi lokaci daidai da na kowa. Ɗan kwangilar ma in ya so, ga makirfo.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu ci halal, ya tsare mana na gida da na daji. Wassalamu alaikum.